Ko Kun Sani? Kano Ma Ta Shiga Wasan Kwamfuta

Matasan Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da suka taɓa buga Assassin's Creed II sun san babbar majami'ar birnin Fulorens ta Italiya, wadda ɗan wasa ke hawa har ƙololuwarta. Ginin gaske ne. An aza harsashinsa a 1296, amma ƙubbarsa ta gagari magina shekara da shekaru, sai a 1436 Filippo Brunelleschi ya kammala ta da tubali sama da miliyan 4.

Shekara 27 bayan haka Muhammadu Rumfa ya hau gadon sarautar Kano. A zamaninsa aka gina Gidan Rumfa, fadar da sarakunan Kano ke zaune har yau, kuma shi ya karɓi baƙuncin Shehu Al-Maghili.

To, a fagen wasan kwamfuta mu ma ba a bar mu a baya ba. A 2021 wasan Age of Empires III ya shigar da Hausawa, da Kano a matsayin babban birninsu, Sarauniya Amina kuma jagora. Abin alfahari ne ƙwarai. Wanda ya ga Kano a wasa, don Allah ya leƙa Gidan Makama ya ga tarihin da idonsa.