Ciki Biyu, Ɗaya a Mahaifa, Ɗaya a Waje

'Yan'uwa manoma, mun saba jin cewa ciki yakan zauna a wajen mahaifa. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, mace tana iya ɗaukar ciki biyu lokaci guda, ɗaya ya zauna daidai cikin mahaifa, ɗayan kuwa ya maƙale a bututun da ƙwai yake bi. Bututun nan siriri ne, ba ya iya riƙe ɗa. Cikin yana girma sai ya fasa shi, yawanci a wata na biyu ko na uku, jini ya dinga zuba a cikin cikinta, ba mai gani.

Abin ba ya da yawa. Likitoci sun daɗe suna ƙiyasta ciki ɗaya cikin 30,000. Amma yana ƙaruwa ƙwarai ga matan da suka sha maganin neman haihuwa, irin su Clomid, domin yana sa ƙwai fiye da ɗaya ya fito. Mun san akwai masu sayensa a kemis ba da izinin likita ba. Wadda ta taɓa yin ciwon sanyi mai tsanani ita ma sai ta lura.

Ga inda haɗarin yake. Mace ta tafi awo, an yi mata hoton ciki, an ga ɗa a mahaifa, kowa ya ce madalla. Bayan kwana kaɗan mara ta kama ciwo a gefe ɗaya, sai a ce laulayi ne, a jiƙa mata sassaƙe. Gwajin fitsari ba zai nuna kome ba, gama ciki dai akwai shi. Saboda haka idan ciwon ya tsananta, ko ta ga ɗigon jini baƙi-baƙi, ko jiri ya kwashe ta, ko kafaɗa ta riƙe, ko tafin hannu ya yi fari, kada a jira gari ya waye. A gaya wa likita a fili, a roƙe shi ya duba gefen mahaifa duka biyu.

Magani tiyata ce. Akwai allurar da akan yi wa cikin waje ya narke, amma a nan ba ta halatta, domin za ta cuci ɗan da ke mahaifa. Likita yakan cire bututun da ya lalace, ya bar mahaifa. Kada maigida ya ƙi sa hannu don tsoron ɓari. Wajen biyu cikin uku na 'ya'yan nan sukan zauna har a haife su.

Ɗakin shan magani na ƙauye ba ya iya wannan aiki. A nufi babban asibitin Anka, ko Gummi, ko Bukkuyum. In sun tura ku Gusau ko asibitin koyarwa na Sakkwato, ku tafi nan take. Mun sani hanyoyinmu ba daɗi da dare, da damina kuwa rafi yakan tare mutum. Don haka muna shawartar kowace ƙungiyar gama kai ta ware kuɗin mota daga asusu tun da kaka, ta kuma shirya da direba ɗaya amintacce. Maza huɗu ko biyar su je a gwada rukunin jininsu, sakatare ya rubuta sunayensu a littafi, domin yawancin matan nan sukan bukaci ƙarin jini kafin a gama tiyata.