Gigin Tsufa Ciwo Ne, Ba Maita Ba

A ƙauyuka da yawa akan ga tsohuwa ta ci tuwo, jim kaɗan ta ce ba a ba ta abinci ba. Ko tsoho ya fita masallaci, ya kasa gane hanyar gida. Wasu su ce tsufa ne kawai. Wasu su ce sammu ne. Mafi muni, wani lokaci har a laƙa wa baiwar Allah maita, yara su bi ta da jifa.

Likitoci sun tabbatar cewa wannan ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Ba kowane tsoho yake samu ba. Wanda ya manta inda ya ajiye carbi, daga baya ya tuna, lafiyarsa lau. Mai ciwon kuwa, har sunan ɗansa yakan ɓace masa.

A 1906 wani likitan Jamus mai suna Alzheimer ya ba da labarin wata mata da ta ruɗe tun tana shekara 51. Bayan ta mutu ya duba ƙwaƙwalwarta, ya tarar ta lalace. Akwai kuma wani irin ciwon da ke zuwa idan ƙananan jijiyoyin jini na cikin kai suka toshe. Hawan jini ne kan gaba wajen jawo shi.

An yi bincike a Nijeriya ma. Daga 1992 likitocin Jami'ar Ibadan da na Amurka suka gwada tsofaffi masu shekara 65 zuwa sama. Cikin kowane 100 a Ibadan, kimanin 2 ne ke da ciwon. Amma cikin baƙaƙen fata na birnin Indiyanafolis a Amurka, kimanin 8 ne. An lura tsofaffin Ibadan ba su kai na can fama da hawan jini da ciwon sukari ba.

To, ko saukar da hawan jini zai rage ciwon? An gwada wannan a ƙasar Sin, a ƙauyuka 326, da mutum kusan 34,000. An raba ƙauyukan gida biyu. A kashi ɗaya, ma'aikatan lafiya na ƙauye suka riƙa auna jinin mutane, suna ba su magani, suna gargaɗinsu su rage gishiri. Ɗaya kashin aka bar su yadda suka saba. Bayan shekara 4 aka ƙidaya. A 2025 aka bayyana cewa inda aka kula da jini, masu kamuwa sun ragu da kashi 15 cikin 100. Abin lura, ba manyan likitocin birni suka yi aikin ba.

Idan ciwon ya riga ya kama mutum, babu maganin da ke warkar da shi. Sai haƙuri. Kada a yi masa tsawa, kada a ɗaure shi, kada a bar shi shi kaɗai kusa da wuta ko rijiya. Amma idan tsoho ya ruɗe farat ɗaya, cikin kwana ɗaya ko biyu, a gaggauta kai shi asibiti. Sau da yawa zazzaɓi ne ko wani ciwo mai jin magani.