Mene ne urease, makamin ƙwayar cutar gyambon ciki?

Da wuya a yi maganar olsa ba a ambaci ƙwayar Helicobacter pylori ba. To, ta yaya take rayuwa cikin ruwan tsamin da ke narkar da nama?

Makaminta urease ne, wani furotin mai gaggauta sarrafa sinadarai. A kowane gurbin aikinsa akwai ƙwayoyin ƙarfen nikel guda 2. Su ke damƙe yuriya, irin ta takin zamani, su farfasa ta zuwa amoniya da iskar kabon, sai amoniyar ta dakushe kaifin tsamin. Babu nikel, aiki ya tsaya cak.

Iskar kabon ɗin ce gwajin numfashi ke ganowa a asibiti. Mai yawan zafin ciki, je ka a gwada ka.