Wariya a wurin aiki: kwanakin farko su ne ke yanke makomar ƙara

A shekarar 2008, wata matashiya musulma mai suna Samantha Elauf ta nemi aiki a wani shagon tufafi na Abercrombie & Fitch da ke birnin Tulsa na Amurka, aka hana ta saboda ɗankwalin da ta ɗaura. Sai a 2015 Kotun Ƙolin ƙasar ta ba ta gaskiya, alƙalai 8 suka goyi bayanta, ɗaya ya ƙi. Shekara bakwai ke nan, amma a matakin farko aka kafa tubalin nasarar.

Wannan ya shafi ’yan Nijar da ke aiki a New York ko Greensboro. Dokar 1964 ta haramta wa kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama nuna wariya saboda launin fata, addini, jinsi ko ƙasar asali. Sai dai ba a zarcewa kotu kai tsaye. Dole ma'aikaci ya fara kai kokensa ga hukumar EEOC, kyauta, cikin kwanaki 180 daga ranar da abin ya faru. A wasu jihohi kamar New York wa'adin kwanaki 300 ne. Wanda ya tsaya jiran ko maigida zai sake tunani, yana iya rasa haƙƙinsa baki ɗaya.

Cikin kwanaki 10 hukumar ke sanar da kamfani. Daga nan tana iya tayin sulhu, in ɓangarorin biyu sun yarda, ko ta shiga bincike. In ba a daidaita ba, ta ba ma'aikaci takardar izinin shigar da ƙara, kuma kwanaki 90 kacal gare shi ya isa kotu. Korar mutum ko rage masa matsayi don ya kai koke laifi ne na daban.

A gida ma doka ba ta yi shiru ba. Kundin ƙwadago na Nijar na 25 ga Satumba 2012 ya hana ubangida duba jinsi, shekaru, addini, naƙasa, cutar sida, ciwon sikila ko zama ɗan ƙungiyar ƙwadago wajen ɗaukar aiki, biyan albashi ko kora. Hanyar da aka saba bi ita ce zuwa wurin sufeton ƙwadago domin sulhu. In abin ya ci tura, a rubuta takardar rashin jituwa a nufi kotun ƙwadago.

Ko a Maraɗi ko a ƙetare, maigida ba ya rubuta "na kore ki don kina da ciki". Abin da ke magana shi ne takardun albashi, kwantiragi, saƙonnin waya, ranakun da aka faɗi kowace kalma da sunayen waɗanda suka ji. A tara su tun ana cikin aiki, domin ranar da aka karɓe makullin ofis, ƙofar shaidu ma ta kan rufe.