Hukuncin Dandali da Hukuncin Kaset: Waƙar Baka da Masu Saurarenta a Damargu

1.0 Gabatarwa

Yawancin ɗaliban da ke kawo mana aikin bincike a kan waƙar baka, da sautin da aka naɗa suke zuwa, a kaset ko a wayar hannu. Sukan rubuta waƙar, su ƙirga ɗiyanta, sannan su yanke hukunci cewa maimaici ya yi yawa, ko jerin sunayen mutane ya ɓata zubi. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa irin wannan hukunci yana da rauni, domin makaɗin Hausa alƙalai biyu gare shi. Na farko shi ne taron da ke gabansa, na biyu kuwa mai sauraren da ke nesa. Abin da ɗaya ke so ba lalle ne ɗayan ya so shi ba. Mun zaɓi Damargu ta zama madubinmu saboda dalilan da za su zo.

2.0 Damargu da Taronta

Damargu tana arewacin Damagaram, a kan hanyar Agadas. A tsarin mulki na yau ta ƙunshi gundumar Tanut da ta Balbeji, wadda aka cire daga Tanut a sabon tsarin gundumomi na 2011. Ƙasa ce ta gero da kiwo, kuma a ƙarni na 19 zango ce ta ayarin da ke tsakanin Kano da Tarabulus, kamar yadda Stephen Baier ya bayyana a littafinsa na 1980 kan tarihin tattalin arzikin tsakiyar Nijar. Wannan tarihi ya haɗa Hausawa da Dagra da Buzaye da Fulani wuri guda, Hausa kuma ita ce harshen kasuwa.

Ke nan makaɗin da ya tsaya a dandali da kaka, lokacin bukukuwan aure da kokowa, taro yake fuskanta mai kunne iri-iri. Akwai wanda ya saba da kalangu da gangar noma, akwai wanda ya tashi da tande, wato kiɗan turmi na matan Buzaye, akwai kuma wanda Hausarsa ta ciniki ce kawai. Riƙe irin wannan taro har dare ya raba aiki ne na gwani.

3.0 Hukuncin Dandali

Tun a 1957 M. G. Smith ya nuna cewa roƙo a ƙasar Hausa mu'amala ce tsakanin mai yabo da wanda ake yabo da jama'ar da ke shaida. A dandali hukunci ba ya jiran gobe. Guɗa, da liƙi, da shigar masu rawa fage, duka alamu ne na yarda. Idan kuwa hira ta tashi a bayan fage, ko mutane suka soma zamewa wajen mai shayi, makaɗi ya san an ƙi.

Abin lura a nan shi ne, zubin waƙar kansa an gina shi ne don amsa wannan hukunci. Idan muka ɗauki kalmomin nazari da Sa'idu Muhammad Gusau ya daidaita a Jagoran Nazarin Waƙar Baka (1993), gindin waƙa shi ne abin da ba ya sauyawa, ɗiyan waƙa kuwa ana iya ƙara su, a rage, a sauya musu wuri. Yayin da ƴan amshi ke maimaita gindi, jagora yana samun numfashi, yana kuma duban fage: wane ne ya shigo, wace ce ta miƙe, ina kyauta ta fito. Sanƙira na kai masa sunan baƙo da na iyayensa da garinsu, shi kuma ya saƙa su cikin ɗa na gaba. Alal misali, idan mai raƙuma ya shigo fage ana cikin yabon manomi, jagora ba zai jira ya ƙare da gero ba, zai juya nan take, ya dawo daga baya. Wannan juyi da ɗalibi zai kira rashin tsari, shi ne ainihin tsarin.

Haka Ɗandatti Abdulƙadir ya samu a bincikensa na 1975 kan Mamman Shata, cewa waƙa ɗaya ba ta fitowa iri ɗaya sau biyu. Albert Lord ma ya ga haka ga mawaƙan Yugoslabiya a littafinsa na 1960. Saboda haka lamarin bai keɓanta da Hausa ba.

4.0 Hukuncin Sautin da Aka Naɗa

Naɗar sauti ta zo da wasu sharuɗɗa. Faifan garmaho mai juyi 78 bai wuce kimanin minti 3 a kowane gefe ba, alhali waƙar dandali tana iya kai rabin sa'a. Rediyon Nijar, da aka buɗe a 1958 aka kuma sa masa suna Muryar Sahel a 1974, shi ma da agogo yake aiki. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya sassauta wannan ƙunci da minti 60 ko 90, amma bai dawo da taro ba. A ɗakin naɗi makaɗi ba ya jin guɗa, ba ya ganin fuska.

Duk da haka mai sauraren nesa bai zama bebe ba. Ƙungiyar kulob-kulob na rediyo da aka kafa a Nijar a 1962 takan tara mutanen gari su saurari shiri tare, a naɗi ra'ayinsu a aika Yamai. Shirye-shiryen zaɓi sonka na Muryar Sahel da Rediyon Kaduna, wanda ake kamawa a kudancin Nijar, sun zama ma'auni: waƙar da aka fi nema ita ce ta ci. Mai kwafar kaset a kasuwa shi ma alƙali ne, don ya san abin da ke fita da abin da ke kwana a tebur. A shekarun tawaye na 1990 zuwa 1995, kaset ɗin jitar Abdallah Oumbadougou ya yi yawo hannu da hannu a arewa duk da haramcin hukuma. Daga baya wayar hannu ta gaji kaset: waƙoƙin da Mdou Moctar ya naɗa a Sakkwato a 2008 ta katin waya suka ratsa Sahara kafin duniya ta san shi.

Bambancin dai shi ne, wannan hukunci yana zuwa a makare, bayan waƙa ta daskare. Ba ya gyara waƙar da aka yi, sai dai wadda za a yi.

5.0 Inda Hukuncin Biyu Suka Saɓa

Muna ganin saɓanin a wurare uku. Na farko, sunaye. A dandalin Tanut ambaton sunan mutum da na kakansa shi ne ƙololuwar wasa, amma ga mai saurare a Maraɗi jeri ne na mutanen da bai sani ba. Na biyu, habaici. Ma'anarsa tana hannun taron da ya san wanda ake nufi. Waƙar Bodo ta Ma'azu Ɗan Alalo, makaɗin fadar Damagaram, misali ce: wanda bai san wahalar aikin tilas na zamanin Faransa ba yana iya ɗaukar ta yabon Bature, alhali waɗanda suka sha wahalar wani abu daban suka ji. Na uku, maimaici, wanda a fage yake ɗaukar rawa, a kaset kuwa yake gajiyarwa.

Daɗin daɗawa, naɗi yakan juyo ya mallaki dandali. Da zarar waƙa ta shahara a rediyo ko a waya, taro yakan nemi a yi ta yadda ya haddace ta. Makaɗi sai ya shiga tsaka mai wuya: in ya bi kaset ya zama mai bitar kansa, in ya sauya a ce ya manta. Gasar hukuma, kamar bikin matasa na ƙasa da aka fara a 1976 da kyautar Ɗan Gurmu, ta ƙara wani alƙali na uku mai takarda da agogo, wanda ya fi kusa da ɗakin naɗi fiye da fage.

6.0 Shawarwari ga Manazarta

Bisa ga abin da ya gabata, muna ba da shawarwari huɗu. Ɗaya, a bayyana asalin kowane sauti: ɗakin naɗi ne, ko biki, ko gasa. Wannan ya shafi har abin da ke taskokin IRSH da CELHTO a Yamai. Biyu, mai naɗi a fage kada ya ɗauki guɗa da maganar sanƙira hayaniya ce, ya rubuta su cikin matani tare da lokacin da kyauta ta fito. Uku, a naɗi waƙa ɗaya a wurare biyu ko uku, a kwatanta, don a gane abin da ke tsaye da abin da taro ya jawo. Huɗu, a mayar da sautin ga masu shi. A kunna wa jagora da ƴan amshinsa, a kunna wa dattawa da mata da matasa daban-daban, a tambaye su inda waƙar ta yi daɗi da inda ta kwanta. A wuri kamar Damargu, ya kamata a ji ta bakin waɗanda Hausa ba ita ce harshensu na gida ba, domin su ma da kunnensu aka yi waƙar.

7.0 Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa sautin da aka naɗa shaidar rana ɗaya ce daga cikin ranakun waƙa. Ba mu raina shi ba, don ba domin shi ba da muryar Shata, wanda ya rasu a 1999, ta tafi tare da shi. Abin da muke nema shi ne, kafin ɗalibi ya ce waƙa ta yi tsawo, ya fara tambaya su wa ke zaune a fage ranar da aka yi ta, da kuma abin da ya hana su tashi.