Ƙwaron da ke farar da lawashi a Kwarin Tarka: wane ne shi, su wa suka raɗa masa suna?

Daga Karofane cikin gundumar Buza, a gangaro Madawa har Sabon Gida, Kwarin Tarka na cikin wuraren da suka fi fitar da albasa a jihar Tawa. Irin da aka fi nomawa shi ne jar albasar nan ta Galmi, wadda fatake ke lodawa zuwa Gana, Kodibuwa, Benin da Togo. Amma kowace shekara, da zarar hunturu ya ja jiki zafi ya fara shigowa, wajen watan Fabrairu zuwa Afrilu, masu garka kan ga lawashi ya fara yin fari-fari kamar an watsa masa toka, bakin ganye ya bushe, albasa ta ƙi yin kai. Wasu su ce iska ce, wasu su ce ƙarancin taki ne. Sau da yawa kuwa mai laifin wani ɗan ƙwaro ne da tsawonsa bai fi milimita 1 da ɗan kai ba, wanda malaman gona ke kira tiripis. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

Yadda yake ɓarna

Tiripis ba ya cin ganye kamar fara ko tsutsa. Bakinsa wani iri ne da ba a faye gani ba cikin ƙwari: muƙamuƙi ɗaya kawai yake da shi mai aiki, na hagu, mai kama da allura. Da shi yake huda fatar ganye, sa'an nan ya tsotse ruwan da ke ciki. Inda ya tsotse sai iska ta cike gurbin, shi ya sa wurin ke walƙiya kamar azurfa, da ƴan ɗige-ɗige baƙaƙe na kashinsa. Ganyen da aka yi wa haka ba ya iya ciyar da kan albasa yadda ya kamata, kuma raunukan kan buɗe ƙofa ga wasu cututtuka.

Macen tana saka ƙwayayenta cikin naman ganye, inda feshi ba ya kaiwa. Ƴaƴan da suka ƙyanƙyashe, farare ko rawaya, marasa fukafukai, kan ɓuya a wuyan albasa, tsakanin sababbin ganyaye. In sun ƙoshi sai su sauka ƙasa su yi kwanci, su fito da fukafukai. Cikin zafi, daga ƙwai zuwa babba bai wuce mako 2 zuwa 3 ba. Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne, a wurare da yawa matan wannan ƙwaro na haihuwa ba tare da namiji ba, kuma mata zalla suke haifa. Ke nan mace ɗaya da iska ta kawo ta isa ta cika fangali.

Masanan da suka tsara danginsa

Sanin wannan ƙwaro ya ɗauki masana fiye da shekara 200. A 1744 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Charles De Geer, ya bayyana wasu daga cikin irinsa. A 1758 ɗan ƙasarsu Linnaeus, wanda ya kafa tsarin bai wa kowace halitta suna biyu da Latinanci, na dangi da na kanta, ya sa musu sunan Thrips, kalmar Girkanci mai nufin tsutsar itace. Sai dai ya haɗa su gida ɗaya da kuɗin cizo da sauran masu tsotso.

Wanda ya raba gardama shi ne Alexander Henry Haliday, ɗan ƙasar Ailan. A 1836 ya nuna cewa waɗannan ƙwari gida ne mai zaman kansa, ya kira shi Thysanoptera, ma'ana masu fukafukai masu geza, domin fukafukansu sirara ne, da dogayen gashi jere a gefe. Ya kuma raba gidan kashi biyu, rabon da ake aiki da shi har yau. Kashi na farko shi ne Terebrantia: matansu na da wani abu kamar ɗan zarto a ƙarshen ciki, da shi suke tsaga ganye su saka ƙwai. Kashi na biyu shi ne Tubulifera: ƙarshen cikinsu kamar bututu yake, kuma a bayan ganye ko ɓawo suke ajiye ƙwai. Galibin masu ɓarna a gonaki, har da na albasa, ƴan kashi na farko ne, cikin zuriyar da ake kira Thripidae.

A 1895 Heinrich Uzel, ɗan ƙasar Cek, ya buga babban littafi na farko da ya tattara dukkan abin da aka sani game da gidan. Bayansa Hermann Priesner na Ostiriya ya yi shekaru masu yawa yana aiki a Masar, ya bayyana ire-ire da dama. A zamaninmu kuma Laurence Mound, Baturen Ingila wanda ya fara aikinsa na ƙwari a Najeriya da Sudan kafin ya koma gidan tarihin halittu na Landan, daga baya Ostireliya, ya zama jigo a wannan fanni. Yau an san fiye da iri 6,000 na tiripis. Da yawansu ba ruwansu da amfanin gona: wasu funfuna suke ci cikin busassun ganyaye, wasu ma farautar ƙananan ƙwari suke yi, suna taimakon manomi.

Na albasa da sunan taba, na wake da sunan Bature

Wanda ya addabi garake a Tarka da Majiya sunansa Thrips tabaci, wato tiripis na taba. Dalili kuwa, masanin Rasha Karl Lindeman ya fara bayyana shi ne a 1889, lokacin da ya lalata gonakin taba a Basarabiya, yankin da mafi yawansa ke cikin ƙasar Moldoba ta yau. Sunan ya zauna, ko da yake a kan albasa ya fi yin suna a duniya.

Manoman damana kuma na da nasu. Idan wake ya yi fure, furen ya dinga zubewa bai yi ƴaƴa ba, a buɗe fure ɗaya a duba: za a ga wasu ƴan ƙwari baƙaƙe suna zirga-zirga. Wannan shi ne Megalurothrips sjostedti, wanda Filip Trybom na Suwidin ya bayyana a 1908, ya sa masa sunan ɗan ƙasarsu Yngve Sjöstedt, mai binciken da ya tattaro ƙwari a kewayen dutsen Kilimanjaro. Tun da Nijar da Najeriya ke kan gaba wajen noman wake a duniya, cibiyar IITA ta Ibadan, wadda aka kafa a 1967, da cibiyar INRAN ta Nijar, wadda aka kafa a 1975, sun daɗe suna neman hanyoyin kare wake daga gare shi.

Da ido ba a iya bambanta yawancin waɗannan ire-ire. Mai bincike kan kama su cikin ƴar kwalba mai alkol, ya shimfiɗa kowane bisa gilashi, ya sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya ƙirga gaɓoɓin ƙahon jinsa da gashin bayansa. Na albasa gaɓa 7 ne gare shi a ƙaho. Ƴan zuriyar Frankliniella, masu kama tumatir da gyaɗa da furanni, 8 gare su. Wannan tsohon aiki bai ƙare ba. A 2004 wasu masu bincike na Suwis da Girka, ta hanyar nazarin ƙwayoyin gado, sun nuna cewa abin da ake kira Thrips tabaci ya kasu reshe 3: ɗaya mai bin taba, biyu masu bin dangin albasa.

Me ya shafi ɗan kasuwa da ma'aikaci?

Mai karatu na iya cewa wannan hirar malamai ce. Amma amfanin sunan a aljihu yake. Na farko, ba kowane tiripis ke ɗauke da cuta iri ɗaya ba. Thrips tabaci shi ne ke yaɗa wani birus mai sa tabo rawaya a ganyen albasa, wanda ya yi ɓarna a Amurka da Barazil da wasu ƙasashen Afirka. Ma'aikacin kare tsirrai da bai san wane iri ke gabansa ba, bai san irin haɗarin da zai yi tsammani ba.

Na biyu, batun magani. A kasuwannin ƙauye ana sayar da kwalaben feshi barkatai, wasu babu lambar amincewar kwamitin magungunan ƙwari na ƙasashen Sahel. Manomi ya ci bashi ya saya, ya fesa da rana tsaka bisa ganye, alhali ƴaƴan na ɓoye a wuya, ƙwai na cikin ganye, masu kwanci na cikin ƙasa. Bayan kwana kaɗan su dawo, ya ƙara yawan magani. An tabbatar a Amurka da Niyuzilan cewa yawan maimaita magani ɗaya ya sa wannan ƙwaro ya daina jinsa. Asarar ba ta tsaya ga mai garka ba: ƙananan kawuna ke cika buhu, farashi ya faɗi a Akara ko Abijan, dillali da mai mota da mai karɓar haraji a komin duk su ji a jikinsu.

Shawarwarin da malaman gona ke bayarwa daga sanin rayuwar ƙwaron suka fito. A yi dashe da wuri, don albasa ta yi kai kafin zafi ya tsananta. A raba wurin renon iri da tsohuwar garka, a kwashe ragowar lawashi da ciyawa bayan an cire amfani. Kada a bar fangali da ƙishi, domin shukar da ta galabaita ta fi jin cizo, kuma ruwan da ake yayyafawa ta sama na kakkaɓe ƙwarin. A riƙa buɗe wuyan albasa ana dubawa kowane mako kafin a sayi magani. In feshi ya zama dole, a yi shi da sanyin safiya ko maraice, a kai shi cikin wuya, a dinga canza dangin magani, a kuma gwada ruwan ƴaƴan bedi tun ƙwarin ba su yi yawa ba.

Abin da ya rage ga hukuma shi ne ta wadata ma'aikatan gona na Karofane, Buza, Madawa da Keita da ƴan madubai na hannu da kwalaben ɗaukar samfuri, ta kuma buɗe musu hanyar aika abin da suka kama zuwa ɗakunan bincike na INRAN ko cibiyar Agrhymet ta Yamai. Kuɗin da wannan zai ci bai kai abin da ake zubarwa kowace bazara wajen feshin da bai dace ba.