Babban Inji A Tsohuwar Land Rover: Abin Da Ya Kamata Mai Mota Ya Sani

Duk wanda ya taɓa hawan tsaunin Mambila zuwa Gembu ya san tsohuwar Land Rover, wadda ake labta wa buhunan masara da fasinja ta yi ta nishi har ta kai. Jikinta na alminiyam ne, ba ya tsatsa, amma inji kuwa dole wata rana ya gaji. In hakan ta faru, sai mai mota ya aiko wa ɗan'uwansa da ke Ikko cewa ya shiga kasuwar Ladipo ya samo masa inji, kuma in da hali babba. To, a nan ne ake yin kuskuren da ke cin kuɗi, wani lokaci har da rai.

Wannan dabara ta sauya inji ba sabuwa ba ce. Land Rover ta fito a Ingila cikin 1948. Daga 1958 aka soma sa mata injin fetur mai silinda 4, lita 2.25, wanda ƙarfinsa bai wuce na doki 70 da 'yan kai ba. Inji ne mai juriya, amma ba shi da gudu. Saboda haka mutanen kowace ƙasa suka riƙa cusa mata abin da ke kusa da su. A Ostareliya sai injin Holden mai silinda 6, domin kayan gyaransa na ko'ina. A Ingila manoma suka fi son injin gas na Perkins saboda tsimin mai. A Amurka kuwa Toyota Land Cruiser ƙirar FJ40 aka fi yi wa wannan aiki, ana sa mata injin Chevrolet mai silinda 8, lita 5.7.

Injin da ya fi suna wajen masu Land Rover shi ne Rover V8, lita 3.5. Asalinsa na kamfanin Buick ne na Amurka, Rover ta sayi ikon ƙera shi a 1965, ta sa shi cikin Range Rover a 1970. Da yake shi ma na alminiyam ne, bai fi ƙaramin injin ƙarfe nauyi ba, ga shi ƙarfinsa ya kusa ninka nasa.

Amma mai karatu ya dubi abin da kamfanin da kansa ya yi a 1979, sa'ad da ya sa wannan inji cikin Land Rover mai dogon shasi. Da farko ya rage masa numfashi da gangan, ƙarfinsa ya sauko daga wajen doki 130 zuwa 91. Sa'an nan ya ajiye tsohon akwatin giya ya ɗauko na Range Rover, wanda ke raba ƙarfi ga ƙafafu huɗu kullum. Ya matso da lagireto gaba don inji ya sami wuri, ya kuma sa birkin gaba mai faɗi. Watau masu ƙera motar ba su yarda su canja inji shi kaɗai ba.

Dalili kuwa a fili yake. Haƙoran tsohuwar giya an yanka su ne daidai ƙarfin ƙaramin inji. Haka nan sandunan da ke juya ƙafafun baya, waɗanda ko da ƙaramin injin ma sukan karye in an yi lodi fiye da kima. In aka ninka musu ƙarfi, aka taka mai a kan hawa, sai a ji ƙas, mota ta soma komawa da baya. Lagireton da bai kai ba zai sa inji tafasa, birkin da aka yi don tafiyar sannu kuwa ba zai riƙe mota a gangare ba.

Don haka wanda aka aika sayen inji ya fara tambayar makanike abu huɗu: ko giyar motar za ta ɗauka, ko akwai farantin da zai haɗa sabon inji da ita, da lagireto, da birki. Kada a yarda a yanka shasi ana walda barkatai don inji ya zauna. Sau da yawa injin gas na 200Tdi, wanda Land Rover ta fitar a ƙarshen shekarun 1980, ya fi V8 dacewa da mai neman abinci, domin V8 mashayin fetur ne na gaske.

Daga ƙarshe a karɓi rasit mai ɗauke da lambar inji, a je ofishin lasin a gyara takardun mota, don kada a sha tambaya a shingen 'yan sanda tsakanin Ikko da gida. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah Ya kiyaye hanya, amin.